Hotuna Arba'in da Uku na Yaya Babba

Tun daga ranar da aka ƙirƙiro wayar hannu ba a sake ɗaukar hoto na gaskiya a duniya ba, kuma ba don Yaya Babba ba da haka za a tafi har a naɗe ƙasa. Shi da bakinsa ya sanar da haka ranar Asabar da hantsi, a falon Inna, yana tsaye tsakanin firij da tebur, da wata 'yar kyamarar roba mai ruwan ɗorawa rataye a wuyansa. Ranar Alhamis ya saye ta a kantin da ake sayar da batir da kwan fitila, kuma kuɗinta bai kai na takalmin ƙafarsa ba. Daga Alhamis zuwa Asabar ya karanta takardar cikin kwalin har sau biyu, saboda haka ilimin hoto ya zauna masa daram.

Auta na zaune a hannun kujera yana saurare. Shekararsa arba'in da huɗu, yana da 'ya'ya biyu da shagon gyaran agogo a ƙarƙashin matattakalar wani bene, amma a falon Inna har yanzu shi ake aika sayen ƙanƙara. Agogo biyu ne a hannunsa na hagu, ɗaya nasa, ɗaya na wani mai gyara da yake gwadawa, kuma duka biyun sun yarda cewa ƙarfe huɗu motar filin jirgi za ta zo ɗaukar Yaya Nas.

Shekara tara Yaya Nas ta yi tana aikin asibiti a ƙasar waje ba ta leƙo gida ba, kuma babu wanda ya san ranar da za ta sake leƙowa. Ranar da ta sauka, Inna da kanta, da shekarunta tamanin da ɗaya, ta ɗauki guduma ta kafa ƙusa a bango kusa da hoton marigayi Baba.

"Hoto ɗaya nake so," in ji ta. "Ni da ku huɗu. Na takarda, wanda zan goge da tsumma. Ba irin na Malama ba, da ya bi ruwa."

Wannan gugar zana ce ga Yaya Malama, wadda wayarta ta faɗa bokitin wanki da hotunan jikoki na shekara uku a cikinta. Ƙusar nan ta yi mako biyu tana jira. Yaya Babba kuwa, wanda ya yi ritaya daga ofishin ajiyar fayil da sauran ƙarfin ba da umarni a jikinsa, ya ɗauki maganar Inna a matsayin naɗi.

Dokokinsa uku ne. Ta farko, kowa ya kawo wayarsa. Aka tara su cikin babbar tukunyar da Inna ba ta girki da ita, aka rufe, Yaya ya hau kujera ya ɗora ta a saman kabad. Ta biyu, ba mai taɓa kyamara sai shi. Ta uku, wadda ya ɗaga yatsa kafin ya faɗa, ba a buɗe bayan kyamara, domin haske shi ne babban maƙiyin fim.

"Talatin da shida ne kacal a ciki," ya ce. "Duk wanda ya ƙifta ido ya ci amanar zuri'a."

"Yaya, kawo in sa maka fim ɗin," in ji Auta. "Yatsuna sun saba da ƙananan abubuwa."

"Agogo daban, hoto daban, Auta. Kowa ya tsaya a gonarsa."

Ya shiga banɗaki da kyamara da ɗan gwangwanin fim, ya kashe fitila, ya sa matarsa ta toshe ƙasan ƙofa da tawul. Takardar kwalin ba ta ce a yi haka ba, amma mai ilimi yakan ƙara wa littafi. Minti goma ana jin ƙwas-ƙwas da salati daga ciki, sannan ya fito da gumi, kamar likitan da ya gama tiyata.

Hoton Inna aka fara. Yaya ya sa aka ja doguwar kujera zuwa gaban taga, ya sa aka rufe madubin bangon da ke bayanta da zanin gado don kada ya saci haske. Ya jera su, ya rushe jerin, ya sake jerawa. Ya ɗora kyamara a kan littattafai bakwai bisa tebur, ya nuna wa matarsa maɓalli.

"Dannawa kawai za ki yi. Ban ce ki riƙe ba, ban ce ki yi numfashi ba."

"To in na suma wa zai danna na biyu?" in ji Matar Yaya.

Ya ruga ya tsaya bayan Inna, ya gyara kafaɗa. Ƙyas! Haske ya walƙa. Nan take Yaya Nas da Yaya Malama suka yi tsalle suka nufi tebur.

"Mu gani! Mu gani!"

Suka juya kyamara, suka tarar da baƙar roba tana kallonsu. Yaya Nas ta shafa ta da yatsa daga dama zuwa hagu, ko za ta motsa.

"Ina hoton?"

"Yana ciki," in ji Yaya Babba. "Yana nuna."

"Sai ka ce ayaba," in ji Yaya Malama.

Daga nan dariya ta ɓalle, kuma ba ta sake ɗauruwa ba. Sau uku aka ɗauki na Inna da 'ya'yanta huɗu, don tabbaci. Sannan aka shiga sauran. Aka ɗauki Inna da firij, domin Yaya Nas ce ta aiko da kuɗinsa kuma ya kamata a ga shaida. Aka ɗauki Yaya Malama tana riƙe da littafin da ta juya ƙasa sama ba ta sani ba. Aka ɗauki Matar Yaya tana kallon nesa, inda Yaya ya ce ta tuna wani abin baƙin ciki, ta ce ta tuna ranar da ya yi ritaya. Bayan kowane ƙyas sai wani ya manta ya ce mu gani, sai kowa ya amsa masa baki ɗaya: "Yana nuna!" Yaya Babba yana durƙusawa, yana hawa kujera, yana rufe ido ɗaya, yana murza 'yar ƙafar da ake tura fim gaba da ita da babban yatsa, ƙirr-ƙirr, da fuskar mai buɗe asusun banki.

Wajen ƙarfe uku lambar da ke 'yar tagar saman kyamara ta kai talatin da shida. Yaya ya nemi a yi shiru. Ya yi gajeren jawabi kan yadda komai na duniya yake da iyaka, ya ɗauki Inna ita kaɗai, ya sunkuyar da kai. Sai yatsansa, bisa sabo, ya murza ƙafar.

Ƙirr-ƙirr. Ta juya.

Ya dubi kyamara, ya dubi jama'a. Ya danna. Ƙyas!

"Talatin da bakwai," ya ce a hankali. "An yi mana gyara."

Ya sake murzawa. Ta sake juyawa.

"Kai, Yaya, wannan ba kyamara ba ce, rijiya ce!" in ji Yaya Nas.

"Abin da aka saya da halal kenan," in ji Yaya Babba, kuma ba da wasa ya faɗa ba.

Lambar ta tsaya a talatin da shida don ba a koya mata abin da ya wuce nan ba, saboda haka falo ya karɓi lissafi da baki. Talatin da takwas! Matar Yaya ta leƙa ta kira maƙwabciya, ta zo da muciya a hannu, aka ɗauke ta da ita. Talatin da tara! Mai karanta mitar wuta ya ƙwanƙwasa ƙofa a kan aikinsa, kafin ya gama sallama an jawo shi an zaunar kusa da Inna, yana ta cewa shi fa ba dangi ba ne. Arba'in! Aka nemo kyanwar gidan daga ƙarƙashin gado. Inna tana dariya har da hawaye, ɗankwalinta ya zame, tana dukan cinyar mai mita tana cewa, "Wayyo cikina, ku bar ni haka." Yaya Malama ta jingina da bango don kada ta faɗi, ta jawo zanin da ke kan madubi ta share ido da shi, ba wanda ya kula.

Auta ma dariya yake yi, har ya ƙware. Sai dai idon mai gyaran agogo ba ya zuwa hutu. A saman kyamarar, ta hagu, akwai ɗan marfi zagayayye da ake naɗe fim da shi a mayar cikin gwangwaninsa in an gama. Duk abin da ke da haƙora da zare, in ka ja shi ta nan dole ya juya ta can. Yaya ya murza ƙafa a arba'in da ɗaya, ɗan marfin bai motsa ba. Arba'in da biyu, ko gezau.

Auta ya daina dariya. Fim ɗin bai kama ba. Tun safe yana kwance a gwangwaninsa, cikin duhu da kwanciyar hankali, bai ga Inna ba, bai ga firij ba, bai ga kowa ba.

Ya dubi agogo biyun. Huɗu saura minti ashirin da biyar. Ya dubi ƙusar bango.

Yana iya faɗa. Amma ya san yayansa. Shekarar da ya ce masa fankar da Yaya ya gyara tana juyawa baya, sai da suka yi wata takwas suna gaisawa ta bakin Inna. Yau kuwa a gaban matarsa ne, da maƙwabciya, da mai mita, bayan jawabi kan halal. Yaya zai ce fim lafiyarsa lau, zai ɗauko takardar kwali, za a yi musu har mota ta yi oda. In kuma ya hau kujera ya sauko da tukunyar wayoyi, wannan juyin mulki ne.

"Arba'in da uku!" in ji falo.

"Yaya," in ji Auta, "akwai wani babban kuskure."

Kowa ya juyo.

"Nan da shekara hamsin jikoki za su ga hotunan nan, su tambaya wane ne ya ɗauka. Kyanwa tana da nata ita kaɗai. Mai aikin ba shi da shi."

Yaya Babba ya auna asarar da tarihi ya kusa yi.

"Wani lokacin kana da hankali, Auta."

"Amma ba da wannan rigar ba, Yaya, duk ta jiƙe. Ina kwat ɗin da ka zo da ita?"

Kwat ɗin tana ɗakin Inna, a rataye. Yaya ya cire igiyar daga wuyansa, ya ɗora wa Auta kyamara a tafin hannu biyu kamar jaririn kwana ɗaya.

"Riƙewa kawai."

"Riƙewa kawai, Yaya."

Ƙofar ɗaki na rufuwa Auta ya sulale kicin, ya juya wa taga baya, ya ɗaga ɗan marfin. Bayan kyamara ya buɗe. Ga harshen fim nan kwance a inda Yaya ya ajiye shi a duhun banɗaki, tazarar ƙwayar shinkafa tsakaninsa da haƙoran da ya kamata su kama shi. Auta ya ja shi da farce, ya soka a tsagarsa, ya ɗora ramukan gefensa kan haƙora, ya rufe. Ya murza, ya danna, ya sake murzawa don ya wuce inda haske ya taɓa. Ɗan marfin ya juya, a hankali, kamar mai miƙa bayan dogon barci. Duka aikin daƙiƙa goma sha biyar, ya auna.

Abu ɗaya ne bai da maganinsa. Irin wannan kyamarar, da an buɗe bayanta, lambarta takan koma farko. Ya ɗora babban yatsa a kan 'yar tagar ya fito.

Yaya Babba ya bayyana da kwat, ya taje gira. Ya tsaya bayan doguwar kujera, hannu ɗaya a ƙirji. Ƙyas!

"Arba'in da huɗu!" in ji falo.

"Inna, zauna a gabansa, a ga inda ya gado," in ji Auta. "Yaya Nas, ta dama. Yaya Malama, ta hagu, ajiye zanin nan. Malam mai mita, don Allah ɗan matsa, mun gode."

"Ai an yi wannan da safe," in ji Yaya Babba.

"Ba a yi da kwat ba."

Yaya ya gyara tsayuwa. Ƙyas! Auta ya murza, ya ƙara wani. Huɗu saura minti goma. Saura mataki ɗaya.

"Matar Yaya, zo ki danna mana, in shiga."

"Kawo, ɗan ƙanena, yanzu na ƙware, har numfashi zan yi."

Ta miƙo hannu. Amma doka doka ce, kuma mai ita yana raye.

"Tsaya! Ni zan saita mata."

Yaya Babba ya zagayo kujera ya karɓi kyamararsa. Yatsan Auta ya tashi daga tagar. Yaya ya duba, ya matso da ita kusa da ido, ya nesanta ta, ya sake matsowa.

"Uku," ya ce. "Me ya kawo uku?" Ya ɗago. "Ka buɗe."

Daga ƙasa, a titi, mota ta yi oda.

"Ka buɗe! Doka ta uku! Hotuna arba'in da uku, Auta! Aikin da ba a taɓa yin irinsa ba a gidan nan, ka ƙone shi da haske!"

Maƙwabciya ta dafe ƙirji da muciya. Mai mita ya tuna yana da sauran gidaje. Auta ya buɗe baki, gaskiyar tana kan harshensa, gajeriya, kalma biyar. Sai ya dubi yayansa, ga kwat, ga girar da aka taje, ga matarsa tana kallo.

"Hannuna ne ya zame, Yaya," ya ce. "A yi haƙuri. Amma a ɗauki ɗaya da ni, minti ɗaya ne."

"Wanda ya ƙone arba'in da uku ne zai shiga na gaba? Kyamarar nan ta rufe aiki."

Ya tura ta cikin aljihun kwat ya maɓalle. Mota ta sake yin oda, doguwa. Aka sauko da tukunya, wayoyi suka farka gaba ɗaya suna kuka a cikinta, aka shiga jan akwatuna, ana neman fasfo wanda yake hannun mai nemansa. Yaya Nas ta rungume Inna, ta rungume kowa, ta zo kan Auta ta ranƙwashe shi a ka kafin ta rungume shi.

"Kai dai ba ka girma," ta ce, tana dariya tana kuka.

Da jama'a suka watse, Inna ta kira shi.

"Auta. Wanda ka ɗauka yanzu, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce ya je ya sayo ƙanƙara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan mako guda suka je wurin mai wankin hoto, wani dattijo da ya rage shi kaɗai a wannan sana'a, a bayan shagon buga takardu. Yaya Babba ya tafi da Auta ne don mai laifi ya ga aikinsa. Dattijon ya ɗaga dogon fim ɗin ga fitila. Hotuna uku a farko, sauran fes kamar gilashi.

"Yallaɓai, wannan ai bai ƙone ba," ya ce. "Wanda haske ya ci baƙi ƙirin yake fitowa. Wannan ko ɗaukarsa ba a..."

"Baba," in ji Auta, "agogon bangonka yana baya da minti bakwai. Zan zo in duba maka shi."

Dattijon ya dubi agogonsa, ya dubi Auta, ya dubi mai kwat. Ya shekara arba'in yana wanke hotunan iyalai.

"To," ya ce. "Ƙuna dai iri-iri ce. Akwai fara."

"Ka ji ko?" in ji Yaya Babba. "Fara. Ita ce mafi muni."

Hotuna ukun kuwa sun fito. Yaya ya zaɓi na tsakiya, ya ba da umarni a faɗaɗa shi, a sa masa firam mai ruwan zinariya da gilashi mai kauri, ya fita yana bayanin cewa ko a hannun jahili, kyamarar da gwani ya saita ba ta kuskure.

Ranar da aka rataya shi a ƙusar, Inna ta sa tabarau ta matsa kusa. Ga ta a zaune, ɗankwali a karkace, bakinta bai gama rufuwa daga dariya ba. Ga Yaya Babba da kwat. Ga Yaya Nas, ga Yaya Malama da zanin gado a hannu.

"Uku ne, Inna," in ji Yaya Babba. "Na huɗun shi ya jawo wa kansa."

Inna ta ɗora yatsa a gilashi. "Ɗaya. Biyu. Uku." Yatsan ya hau sama, ya wuce kafaɗar kwat, ya tsaya kan madubin bango da ya rasa zaninsa. A cikinsa akwai farin tauraron walƙiya, a ƙarƙashin tauraron akwai wani ɗan mutum da bai fi ƙwayar wake ba, kyamara ta rufe masa fuska, agogo biyu a hannunsa na hagu.

"Huɗu," ta ce. Ta ɗauko tsumma ta goge wurin.

Har yau duk baƙon da ya shigo falon sai Yaya Babba ya kai shi gaban hoton, ya ce wannan ba komai ba ne, da ya ga arba'in da ukun da aka ƙone. Yakan kwatanta su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace shekara suna ƙara kyau. Na kyanwar ma, in ji shi, da ya ci gasa.

Washegarin ratayawar, kafin ya buɗe shago, Auta ya biya ta wurin dattijon, domin Yaya ya fita da firam ba tare da ya tambayi ko nawa ne ba. Ya ajiye kuɗin da aka ce a kan teburin dattijon, ya ari kujera, ya hau, ya sauko da agogon bango.